Firamaren Gwamnati A Ƙasar Dutse: 'Ya'yan Wa Suka Rage A Ciki, Kuma Me Suke Koya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata Juma'a bayan an idar da salla, wani dattijo ya miƙo mini takardar sanarwar ɗaurin aure rubuce da Hausar boko, ni kuma na mance tabarau a gida. Sai na yafito wani yaro da na saba gani a sahun gaba, yaro mai ladabi wanda na san ya yi nisa a hadda, na ce ya karanta mini sunayen. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ƙura mata ido, leɓensa na motsi, amma ko sunan farko bai iya haɗawa ba. Na tambaye shi ajinsa, ya ce aji shida, a firamaren gwamnati da ke bayan unguwarmu. Na karɓi takardar na sa masa albarka, ya tafi kansa a sunkuye.

Ban ga laifin yaron ba. Wanda ya iya riƙe izu mai yawa a ka ba daƙiƙi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne shekara shida da ya yi yana sanya kayan makaranta kullum safiya, iyayensa na ganin yana karatu, mu ma muna ganin haka, alhali abin da aka tura shi nema bai samu ba. Wannan ne ya sa na nemi izinin shugaban makarantar na shiga azuzuwa, domin gani ya kori ji. Ba zan ambaci sunanta ba, saboda abin da na gani ba nata ba ne ita kaɗai. Duk wanda ya zaga firamarorin karkarar Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Buji da Birnin Kudu da Gwaram zai ga irinsa, wani wuri da sauƙi, wani wuri ya fi haka tsanani.

Su wane ne a cikin ajin?

Idan ana maganar faɗuwar ɗalibai, yawanci sakamako ake dubawa, ba a duba fuskokin da ke bayansa. Ni kuwa fuskokin na fara dubawa. Na ga ɗan manomi wanda da an yi ruwan shuka sai a neme shi a rasa, ya dawo ya ɗan zauna, kaka ta yi ya sake ɓacewa wajen girbin gero da yankan riɗi da tsinkar zoɓo. Na ga yarinyar da ke shigowa bayan rana ta ɗaga saboda sai ta sayar da koko da ƙosai, kuma ranar kasuwa ba a ganinta sam. Na ga ɗan Fulani daga ruga, wanda Fulfulde ce harshen gidansu, Hausa yana kan koyo, ga littafin da ke gabansa da Turanci. Na ga marayu da kakanni ke riƙo. Na ga yaron da ya girme wa 'yan ajinsu da shekaru, saboda sai da ya yi zaman tsangaya a wani gari kafin a sa shi aji ɗaya. Na ga wani a can baya wanda malamin ya ce ba ya ji sosai, kuma babu wanda ya taɓa kai shi asibiti a duba kunnensa.

Sai na tambayi kaina: wa ban gani ba? Ban ga ɗan babban ma'aikaci ba. Ban ga ɗan attajiri ba. Ban ga ɗan siyasa ya kawo nasa ba. Kuma in faɗi gaskiya a kan kaina, ban ga ɗan liman ba, domin nawa 'ya'yan suna makarantar kuɗi ta Islamiyya. Har malaman da ke koyarwa a wurin, wanda ya samu hali a cikinsu ya kai nasa wani wuri.

Manyanmu da suka yi firamare bayan shirin ilimi kyauta na UPE na shekarar 1976 suna ba da labarin yadda ɗan hakimi da ɗan talaka suke zama a benci ɗaya. Makaranta guda ce a gari, idan ta lalace ta kowa ce ta lalace, don haka mai murya yakan yi magana. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka taru, gari ya buɗe, daga baya aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Makarantun kuɗi suka yawaita, masu hali suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Amma sakamakonsa shi ne firamaren gwamnati ta koma makarantar waɗanda ba su da zaɓi, kuma iyayen da suka rage su ne waɗanda ba su san ƙofar ofishin sakataren ilimi ba, balle su ƙwanƙwasa ta.

Saboda haka duk wanda ya ɗauki sakamakon makarantar kuɗi da ke cikin gari ya kwatanta da na firamaren ƙauye, ya ce waɗancan malamai sun iya waɗannan ba su iya ba, bai yi adalci ba. Yaron da ya karya kumallo, uwarsa ta iya karatu, akwai fitila da littafi a ɗakinsu, ba daga wuri ɗaya suka tashi da wanda ya zo da yunwa daga gidan da babu mai duba masa aikin gida ba. Amma kuma kada wannan ya zama mafaka. Talauci yana bayyana dalilin da ya sa aikin ya yi wuya, ba ya halatta a bar aikin.

Mudun da muke awo da shi

A shekarar 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa. Ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin hukumar UBEC, wadda jihohi ke karɓa ta hannun hukumominsu na SUBEB bayan sun zuba nasu kason. Da wannan kuɗi an gina azuzuwa da yawa, kuma an shigar da yara da yawa. Wannan alheri ne, ba za a musa ba.

Sai dai shiga rajista daban, zuwa makaranta daban, koyo kuma daban. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna cewa a faɗin Nijeriya kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 suke da ginshiƙin iya karatu, kusan kashi 25 kuma suke da ginshiƙin lissafi. Wannan matsakaicin ƙasa ne gaba ɗaya, har da Legas da Abuja a ciki, kuma jihohinmu na Arewa maso Yamma suna ƙasa da shi. Ke nan yaron da ya kasa karanta mini takarda ba baƙon abu ba ne. Shi ne mafi yawa.

Mun daɗe muna kuka da yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma kukan yana kan hanya. Amma akwai wata asarar da ta fi wannan ɓoyuwa, wato yaron da ke cikin aji amma ba ya koyon komai. Wanda ke yawo a titi kowa na ganinsa. Wannan kuwa kayan makarantar da ke jikinsa sun rufe matsalarsa. Kowace shekara ana ciyar da shi gaba, daga aji biyu zuwa uku, daga uku zuwa huɗu, a rubuta masa maki a kati, uban da bai iya karatu ba ya karɓa ya yi hamdala.

A nan ne nake jin tsoro a matsayina na mai wa'azi. Allah Ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu, waɗanda ke cika awo idan za su karɓa, su rage idan za su bayar. Mun saba kai wannan wa'azi kasuwar hatsi, mu manta cewa makaranta ma tana da mudu. Malamin da ya karɓi albashin wata cikakke ya koyar da rabin wata ya tauye. Jami'in da ya cika rajista da sunayen yaran da ba sa zuwa domin adadi ya yi kyau ya tauye. Wanda ya rubuta wa yaro cewa ya ci alhali bai san baƙi ba, shaidar zur ya yi, ko da tausayi ne ya sa shi. Haka kuma hukumar da ta ɗora wa malami ɗaya aikin mutum uku, ta jinkirta masa ƙarin girma, sannan ta nemi cikakken sakamako daga gare shi, ita ma ta tauye. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Inda gizo ke saƙa

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. A ƙananan azuzuwan da na shiga, yara sun ninka haka, suna zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, malami ba shi da hanyar da zai bi ya isa ga na baya. Abin da zai iya kawai shi ne ya faɗa su amsa. Murya takan tashi gwanin daɗi, mai wucewa ya ce karatu ake yi, amma 'yan sahun gaba ne ke ja, sauran amshi suke yi. Sannan rabon malamai bai daidaita ba: makarantar cikin gari takan samu fiye da bukatarta, ta ƙauyen da ke bayan rafi ta rasa, domin kowa na neman wanda zai yi masa hanya a bar shi kusa da gida.

Akwai kuma batun harshe. A baya, shekara da shekaru manufar ilimi ta kasance tana tanadin a fara koyar da yaro da harshen da ake yi a muhallinsa, amma iyaye da yawa suna ganin idan ba Turanci yaro ke rerawa ba to ba a yi karatu ba. Sai a haɗa masa wahala biyu a lokaci guda: koyon baƙi da koyon baƙon harshe. Alhali rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro mai zuwa kullum zai iya kama shi cikin ɗan lokaci, kuma wanda ya iya karatu da harshensa ya fi saurin kama na wani.

Ga ambaliya. A daminar 2022 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Jigawa, makarantu da dama suka zama matsugunin waɗanda gidajensu suka rushe, wasu kuma ruwan ya yanke hanyar zuwa gare su. Manhaja ba ta jiran kowa. Yaron da ya rasa wata biyu ya dawo ya tarar an wuce, babu mai komawa da shi baya, daga nan sai ya zama ɗan rakiya har ya gama.

Abin mamaki, maganin wannan yana gidanmu. A makarantar allo ba a tara yara a ce duk ɗan shekara kaza yana sura kaza. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma malam ba ya barin almajiri ya wanke sai ya biya daidai. Manya suna biya wa ƙanana. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta shahara da wata dabara da ke kama da wannan: a gwada kowane yaro, a raba su gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, a ba su sa'a ɗaya ko biyu kullum a kan baƙi da lissafi har su kama. An gwada dabarar a ƙasashen Afirka da dama, har da wasu jihohin Arewa. Abin da masana suka tsallaka teku suka ɗauko, alarammomin ƙauyukanmu sun daɗe suna yin irinsa a gindin bishiya. Kada a wanke wa yaro allo bai iya ba.

Shin wannan ya shafi addini?

Wani zai ce, malam, ina ruwan mumbari da firamaren boko? Amsa ita ce, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da samun marubuci mai adalci. Rabon gado lissafi ne. Nisabin zakka lissafi ne. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da abin fansa amma sun iya rubutu, an sanya fansarsu ta zama koya wa 'ya'yan mutanen Madina rubutu. Waɗannan malamai ba Musulmi ba ne a lokacin, kuma ba addini suka koyar ba, baƙi suka koyar. Manzon Allah (SAW) ya kuma umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin bukatar wasiƙu.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi a kan ladubban malaman yara, a ciki ya wajabta wa malami ya daidaita tsakanin ɗan mawadaci da ɗan matalauci wajen koyarwa. Kuma mun san dalilin saukar Suratu Abasa: makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ya zo neman sani a lokacin da hankali ke kan manyan Ƙuraishawa, sai Allah Ya yi gyara daga sama. To mu da muka mayar da hankalinmu kacokan kan makarantun masu hali, muka juya wa ta marayu baya, ina za mu sa kanmu?

Batun 'ya'ya mata ya fi kowanne ciwo. A ƙananan azuzuwa za ka gan su da yawa, amma kana hawa sama suna raguwa, talla da aikin gida da shirin aure suna janye su. Mu ne kuma muke ƙorafi idan matanmu suka je asibiti namiji ya duba su. Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, shaida ne a kan yawan bukatar da matan karkararmu ke da ita. Makarantar koyon jinya da ungozoma tana Birnin Kudu, ta kiwon lafiya tana Jahun, ƙofofinsu a buɗe. Amma yarinyar da ba ta iya karatu a aji uku ba, ta yaya za ta kai can? Ungozomar da muke nema bayan shekara goma sha biyar, yau tana aji biyu, ko kuma tana bakin tasha da faranti a ka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi malaman zamaninsa da suka bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna koyar da na waje, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga matan ƙauye. Ba baƙon ra'ayi muke kira gare shi ba.

Abin da ke hannunmu

Gwamnati tana da nata nauyin, kuma shi ne mafi girma. An ga wasu matakai: gwamnatin Malam Umar Namadi ta ware wa ilimin matakin farko ma'aikatarsa ta kansa a 2023, an kuma ɗauki malamai ta shirin J-Teach. Abin da muke roƙo shi ne a riƙa auna nasara da yawan yaran da suka iya karatu, ba da yawan azuzuwan da aka yi wa fenti kaɗai ba, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon kowace ƙaramar hukuma, maza daban mata daban, gari daban ƙauye daban, domin matsakaicin adadi yakan ɓoye wanda aka bari a baya. A kai ƙwararrun malamai aji ɗaya da aji biyu, a ba wanda ya yarda ya zauna a ƙauye wani abin ƙarfafawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Amma ba zan ɓoye a bayan gwamnati ba. Ga uba: yau da daddare ka kira ɗanka da ke aji uku ko sama, ka ba shi wani rubutun Hausa da bai taɓa gani ba, ka ce ya karanta. Idan kai ba ka iya ba, ka nemi maƙwabci. Minti biyar sun isa ka san gaskiyar da kati bai gaya maka ba. Idan ya kasa kada ka doke shi, ka je makarantar da kanka. Ga uwa: idan tallar ta zama dole, a nemi lokacin da ba zai ci karatu ba, kuma kada a ce kullum ita ce mai haƙuri, ɗan'uwanta shi ne mai zuwa aji.

Ga 'yan'uwana limamai: kusan kowace firamare tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, kuma akwai kujerar malamin addini a ciki. Da yawanmu sunanmu ne kawai a takarda. Mu halarta, mu duba rajista, mu san yaran da suka daina zuwa, mu bi su gida. Masarautar Dutse ta yi suna wajen tsara karɓar zakka da rabonta tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi. A mazhabarmu ba a gina aji da kuɗin zakka, amma ana ba matalauci da maraya mabuƙaci, kuma iyayen waɗannan yara su ne ainihin masu haƙƙi. Gini da littattafai da rijiya kuwa, ƙofar waƙafi da sadaka a buɗe take. Mai shirin ƙara wa masallacin unguwa tayil, alhali firamaren da ke jikinsa ba ta da banɗakin 'yan mata, ya sake tunani.

Ga ɗaliban jami'a da na kwalejoji da ke karanta wannan shafi: hutunku yana da tsawo. Yara goma, tabarma ɗaya, allo da alli, sa'a ɗaya bayan La'asar. Wanda ya koya wa yaro baƙi yana da rabo a duk alherin da yaron zai karanta har ƙarshen rayuwarsa.

Mu kuma da muka kai namu makarantar kuɗi, ban ce haramun muka yi ba. Amma janye ɗa ba ya sauke nauyin maƙwabtaka. Yaran nan da muka bari su ne za su auri 'ya'yanmu, su yi mana gini, su tuƙa mu a mota, su yi zaɓe tare da mu, su bi mu salla. Ɗa na kowa ne.

Yaron nan na ranar Juma'a yanzu yana zuwa zaurena bayan Magariba tare da wasu abokansa, wani ɗalibin jami'a yana koya musu. Kwanakin baya ya karanta mini sunan mahaifinsa da kansa, yana dariya. Abin da aka kasa ba shi a shekara shida bai gagare shi ba, ba a dai taɓa tsayawa a kansa ba ne.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana, Ya shiryi zuriyarmu, Ya saka wa malaman da ke aiki tsakani da Allah da alheri, Ya yafe mana sakacinmu. Amin.